Daga digiri 37 zuwa 40: ƴar tazarar da ke tsakanin lafiya da haɗari a bazarar Kurfai

Kowace bazara rediyo na sanar da 43, 44, 45, jama'a su ce bana rana ta yi zafi, kowa ya koma harkarsa. Amma jikin ɗan Adam yana da nasa ma'auni, kuma tazarar da yake iya jurewa ƙarama ce ƙwarai. Mun duba abin da kowane mataki na zafi da na sanyi ke yi wa jiki, da dalilin da ya sa ya kamata Filinge da ƙauyukan Kurfai su fara lissafin waɗanda zafi ke kwantarwa.

Ranar 3 ga Afrilu 2024, ma'aunin zafi ya nuna digiri 48 da rabi a garin Kayes da ke yammacin Mali. A Bamako kuwa, asibitin Gabriel Touré ya bayyana cewa mutum 102 suka rasu a cikinsa a kwana huɗu na farkon watan, alhali a Afrilun 2023 mutum 130 aka lissafa a watan gaba ɗaya. Kusan rabin mamatan sun haura shekara 60. Ana cikin goman ƙarshe na azumi, ga ɗaukewar wutar lantarki ba dare ba rana. Masanan ƙungiyar World Weather Attribution da suka binciki lamarin sun ce ɗumamar duniya ta ƙara wa ranakun Mali da Burkina Faso kusan digiri ɗaya da rabi, ta ƙara wa dararensu kusan digiri 2, kuma da ba don ita ba, da zafin bai kai haka ba.

Wannan zafin bai tsaya a kan iyaka ba. Ya ratsa yammacin Nijar a kwanakin, kuma duk wanda ya yi azumin shekarar a Filinge, ko Cikal, ko Tukunus, bai manta ba. Abin da ya bambanta Bamako da mu shi ne can akwai babban asibiti guda da ya buɗe littafinsa ya ƙirga. A ƙauyen Kurfai, dattijo kan rasu bayan azahar, a yi masa sutura kafin magariba, a ce hawan jini ne, ko tsufa, ko kwana ya ƙare. Kwana na hannun Allah, babu mai jayayya. Sai dai kowace mutuwa da sanadinta, kuma sanadin da ba a ambaci sunansa ba, ba a yi masa rigakafi.

Tulu da jikin mutum

Cikin jikin mai lafiya yana zaune ne a kusan digiri 37 na ma'aunin Selsiyus, ko ana ɗari ko ana bazara. Jiki kuma kullum cikin haifar da zafi yake: narkar da abinci, bugun zuciya, tafiya, daka, noma, duk wuta ce da ake hurawa a ciki. Dole a fitar da wannan zafin, in ba haka ba ya taru.

Hanya biyu jiki ke bi. Ta farko, ya tura jini zuwa fata domin iska ta kwashe zafin. Wannan tana aiki ne muddin iskar ta fi fata sanyi, fata kuwa ba ta cika wuce digiri 35 ba. Ta biyu ita ce zufa. Kowace uwar gida ta san dalilin da ya sa ruwan tulu ya fi na bidon roba sanyi: tulu yana tsatsafo, iska na busar da jikinsa, busarwar ce ke janye zafi. Haka fatar mutum take. Zufar da ta bushe a jiki ita ce ke sanyaya shi. Wadda ta kwarara ƙasa ko ta jiƙa riga kawai, asarar ruwa ce.

Da wannan za a gane abin da lambobin rediyo ke nufi. Rahoton Hukumar Ƙwadago ta Duniya na 2019 ya nuna cewa ƙarfin aikin mutum na fara raguwa tun daga digiri 24 zuwa 26, kuma a digiri 33 zuwa 34 mai aikin ƙarfi matsakaici yana rasa rabin ƙarfin aikinsa. A digiri 35 hanya ta farko ta rufe, saura zufa kaɗai. Daga nan zuwa sama iskar da kanta ƙara wa jiki zafi take yi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ke gargaɗin cewa in iskar ɗaki ta haura digiri 40, fanka na iya zama mai hura wa mutum wuta, sai fa in an jiƙa fata ko tufa da ruwa.

Sai a ƙara da cewa 45 ɗin da ma'aikatar hasashen yanayi ke faɗi a inuwa aka auna shi, cikin akwatin da iska ke ratsawa, nesa da ƙasa. Yashin da yaro ke takawa ba takalmi da tsakar rana yana iya haura 60. Kwanon rufi, wato tol, ya fi haka. Motar da aka rufe gilasanta a rana kan ƙara kusan digiri 10 cikin minti goma kacal. Babu wanda ke zaune cikin akwatin masu awo: mai dakon kaya a tasha, mai jan ruwa a rijiya da matar da ke tsaye kan murhu, kowannensu zafinsa ya fi wanda aka sanar.

Digiri uku

In zufa ta kasa, ma'aunin cikin jiki sai ya fara hawa. A 38 zuwa 39 mutum na jin kasala, ciwon kai, jiri, tashin zuciya, jijiyoyin ƙafa na ɗaurewa. Zuciya na gudu domin ta kai jini fata, jinin kuma ya ragu saboda ruwan da ya fita. A nan inuwa, hutu da ruwa mai ɗan gishiri da sukari sun isa su dawo da mutum.

In ya haura 40, an shiga abin da likitoci ke kira coup de chaleur da Faransanci, mu ce bugun zafi. Babbar alamarsa a ƙwaƙwalwa take: mutum ya rikice, ya riƙa sambatu, ya yi tangaɗi, ya yi fushi ba dalili, ya yi farfaɗiya ko ya suma. Fatarsa na iya bushewa ƙayau, tana iya kasancewa a jiƙe. Daga 41 zuwa 42 ƙwayoyin jiki kansu ke lalacewa, hanta, ƙoda da hanji su fara gazawa, jini ya daina daskarewa yadda ya kamata. Daga lafiya lau zuwa bakin kabari, digiri uku zuwa biyar ne.

Kuskure biyu ake yawan yi a gidajenmu. Na farko, a ɗauka masassarar cizon sauro ce, a ba da farasetamol a lulluɓe mutum. Farasetamol ba ya sauke zafin da ya shigo daga waje, yana ma iya ƙara wa hantar da ta riga ta wahala nauyi. Na biyu, a ga mutum yana sambatu a ce iska ce ta taɓa shi, a tsaya turare. Abin da ke ceton rai a nan shi ne sauke zafin cikin rabin awa na farko: a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwa mai sanyi a jiki ana fifita, a sa jiƙaƙƙen zane a wuya, hammata da matsematsi. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki. Ana yin haka ana neman mota, kuma a ci gaba da jiƙa shi a kan hanya. Tsakanin Filinge da Yamai kusan kilomita 180 ne. Wanda aka ɗauka da zafinsa a jiki da niyyar sai an isa babban asibiti, an bar mafi muhimmancin maganin a gida.

Ruwan da ke fita shi ma da nasa lissafi. Mai aikin ƙarfi a rana na iya zubar da lita guda ta zufa a awa ɗaya, wani ma fiye. Mutum mai kilo 60 da ya rasa lita ɗaya da ɗan kai ya rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙarfinsa da natsuwarsa sun fara raguwa ke nan. In asarar ta kai kashi 10 cikin 100 rai na cikin haɗari. Mun ga ƙarshen wannan hanya a Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani nan take: ƙodar da ke shan ƙishirwa bazara bayan bazara tana tara tsakuwa, tana gajiya, kuma ga mutumin Kurfai wankin ƙoda na nufin komawa Yamai da zama. Fitsarin da ya yi duhu ya kuma ragu shi ne gargaɗin da kowa zai iya karantawa ba tare da na'ura ba.

Bazara biyu ce, kuma dare ya fi rana

Manoma sun san zafin Maris da farkon Afrilu daban yake da na ƙarshen Mayu da Yuni. Na farko busasshe ne, zufa na bushewa tun kafin a gan ta. Mai ruwan sha da inuwa yana iya jurewa. Na biyu yana zuwa ne bayan iskar damana ta juyo daga kudu da laimarta, hadari na haɗuwa yana watsewa. Ma'auni na iya nuna 40 maimakon 44, amma iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, zufa ba ta bushewa, tulun jiki ya daina aiki. A 2010 masana biyu, Steven Sherwood da Matthew Huber, sun kiyasta cewa in ma'aunin da aka naɗe da jiƙaƙƙen ƙyalle ya kai digiri 35, ko mai lafiya da ke zaune a inuwa ba zai wuce ƴan awoyi ba. Gwajin da aka yi a jami'ar Penn State ta Amurka, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna cewa iyakar ta fi haka kusa, wajen 31, kuma a jikin matasa masu lafiya aka gwada. Wannan zafi mai laima shi ke faɗowa daidai lokacin sharar gona, shuka da noman farko, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma manomi ba shi da zaɓin zama a gida. Yakan kuma dawo a Oktoba, ana tsakiyar girbi.

Sannan ga dare. Jiki na iya ɗaukar rana mai tsanani in ya samu dare mai sauƙi da zuciya za ta huta. A Afrilu da Mayu akwai dararen da iskar waje ba ta sauka ƙasa da digiri 30, ɗakin siminti mai rufin kwano kuwa yana riƙe zafin rana har asuba. Kwana uku ko huɗu a jere a haka su ke kayar da tsofaffi, masu hawan jini, masu ciwon sukari da masu ciwon zuciya. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari suna ƙara rage ruwan jiki, don haka mai shan su ya tuntuɓi likita tun farkon bazara, kada ya daina da kansa. Mai juna biyu ita ma tana cikin layin gaba, domin zafi mai tsanani na ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini. Jaririn da bai kai wata shida ba, nono ne ruwansa: a ƙara yawan shayarwa, uwar ta ƙara shan ruwa.

Maniyyata su ma su kula. A hajjin Yunin 2024 zafi ya kai digiri 51,8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1301, mafi yawansu waɗanda suka je ba tare da izinin hajji ba, ba su da tanti mai sanyi ko mota.

Sanyin da muke tsoro

Hausawa sun daɗe da ɗaukar sanyi a matsayin cuta. Ciwon gaɓoɓi sanyi ne, ciwon mara sanyi ne, tari sanyi ne. Zafi kuwa ba a cika kiransa ciwo ba, sai dai wahala. To me ma'auni ya ce?

In zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da 35, an shiga haɗari. Daga 35 zuwa 32 mutum na karkarwa, wadda dabara ce ta jiki don haifar da zafi, hannuwa su sandare, magana ta yi nauyi. Daga 32 zuwa 28 karkarwar na tsayawa, barci ya riƙa fizgar mutum, hankali ya gushe. Ƙasa da 28 zuciya na iya rikicewa ta tsaya. Ba sai ƙanƙara ta sauka ba: jiƙaƙƙen tufa, iska da yunwa sun isa su jawo wannan ko da ma'auni na nuna digiri 10.

A Kurfai dararen Disamba da Janairu kan sauka wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka in hunturu ya buso. Baligi mai bargo da tuwo a ciki ba abin da zai same shi. Waɗanda ɗari ke ci su ne almajirin da ke kwana a zaure, yaron da tamowa ta cinye masa kitse, tsohuwar da ke kwana ita kaɗai, makiyayi a daji, da iyalan da rashin tsaro ya kora suke kwana ƙarƙashin tamfol. Haka ƴan ci-ranin da ake korowa daga Aljeriya a sauke su a hamada su taka kusan kilomita 15 zuwa Asamaka: da rani sanyin dare, da bazara zafin rana. Masu amosanin jini sun fi kowa sanin cewa ɗari na tayar da ciwonsu, ƙishirwar bazara ma haka. Sanyi kuma na matse jijiyoyi ya ɗaga hawan jini. Sannan kowace shekara maganin ɗari na kashe mutane: garwashin da aka shigar ɗaki aka rufe ƙofa da taga yana fitar da iska mai guba marar wari, masu barci su zarce.

Wanda ya fi kowa rauni shi ne jariri sabon haihuwa. A wurin OMS, jaririn da zafin jikinsa ya sauka ƙasa da 36 da rabi ya fara shiga sanyi, ƙasa da 32 kuwa yana bakin mutuwa. Yana fitowa a jiƙe, kansa babba, ba ya iya karkarwa, don haka yana iya yin sanyi ko a watan Afrilu. Shawarar ita ce a goge shi nan take, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a rufe kansa, a jinkirta wanka har kwana guda. A nan tsoron sanyi na kakanninmu yana da gaskiya.

Inda tsoron ya wuce gona da iri shi ne a kan mai jego. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin yawan gazawar zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa mai yawa. Sun kuma lura cewa ciwon ya fi yawa a lokacin zafi mai laima. Zuciyar da ta gama ɗaukar ciki wata tara, aka ƙara mata zafi daga waje da gishiri daga ciki, tana iya sarewa. Ruwan da ya kai digiri 60 yana ƙona fata cikin ƴan daƙiƙu. Kula da mai jego kwana arba'in al'ada ce mai kyau da ta cancanci a riƙe. Ruwan ɗumi da kanwa kaɗan ba za su rage mata komai ba, musamman in haihuwar ta faɗo a bazara.

Me ya sa Kurfai

Zafi ɗaya ne ke sauka a kan kowa, amma abin kare kai ba ɗaya ba ne. Abu huɗu ke raba wanda zai wuce bazara lafiya da wanda za ta kwantar.

Na farko ruwa. A cikin kwarin Dallol Boso ruwa na kusa, rijiya ba ta da zurfi. A kan tudu da fako sai an yi igiya mai tsawo ko tafiya mai nisa, kuma mata da yara ke yin ta, a watannin da tabkuna suka ƙafe. Gidan da ke auna ruwan sha da bido ba zai kwara wa tsoho bokiti uku a jiki ba.

Na biyu wuta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta katse lantarkin da ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rarrabawa, har sai bayan da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Darasin shi ne fanka da firigo ba abin dogaro ba ne a ranar da aka fi bukatarsu, kuma yawancin ƙauyuka ma waya ba ta kai musu ba. Alluran rigakafi da insulin na masu ciwon sukari ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8. Firigo mai aiki da hasken rana a gidan likita na ƙauye ba kayan ado ba ne.

Na uku rufi. Mun bar ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, wanda ke jinkirta shigar zafi, mun koma kwano domin ba ya yoyo kuma alamar samu ne. Masu zanen gine-gine na yankinmu sun nuna ana iya haɗa biyun: Francis Kéré ɗan Burkina Faso, wanda ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, ya ɗaga kwano sama da rufin ƙasa a makarantar Gando domin iska ta ratsa tsakani; Mariam Issoufou ƴar Nijar ta yi masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a jahar Tawa da tubalin ƙasa. Ko zana a kan kwano, ko farin fenti, ko rumfa a gefen yamma, suna rage wani abu.

Na huɗu tsaro. Inda hanya ba ta da aminci, ko aka taƙaita zirga-zirgar babura kamar yadda aka yi a sassan jahar Tilaberi tun farkon 2020, kai marar lafiya gidan likita na ɗaukar awoyi. Kwana a waje, wanda shi ne na'urar sanyaya talaka tun kaka da kakanni, ya zama abin tsoro a wasu wurare. Wanda aka raba da garinsa kuma an raba shi da rijiyarsa da bishiyarsa.

Dabbobi ma ba su tsira ba. Ko shanun Azawak da tashar kiwo ta Tukunus ta shahara da su, duk da jurewarsu, suna rage ci da nono in zafi ya tsananta, kaji kuwa mutuwa suke yi. Abin da ya taɓa garke ya taɓa ƙwaryar fura.

Abin da za a iya yi kafin bazara mai zuwa

Hukumar yanayi ta duniya ta tabbatar da cewa lokacin da shekarar 2024 ta ƙare, babu wadda ta kai ta zafi tun da aka fara awo, kusan digiri 1,55 sama da zamanin da masana'antu ba su yawaita ba. Nijar ba ta cikin masu hura wannan wuta, kuma tana da haƙƙin neman a biya ta ɓarna. Amma kafin kuɗin su zo, akwai abin da wasu suka yi da ɗan abin hannunsu. Faransa ta rasa kusan mutum dubu 15 a zafin Agustan 2003, ta kafa tsarin gargaɗi a 2004 wanda ya haɗa da rajistar tsofaffin da ke zaune su kaɗai a kowace ƙaramar hukuma. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 da ya ci mutum fiye da dubu, ya fito da shirinsa a 2013: gargaɗi mai launuka, wuraren shan ruwa, horar da ma'aikatan lafiya, daga baya aka ƙara farin fenti a kan rufi. Duka biyun daga ƙirga gawa suka fara.

Ba ilimi muka rasa ba. Cibiyar AGRHYMET da cibiyar ACMAD mai hasashen yanayin Afirka duk a Yamai suke, kuma muna da tsarin gargaɗin gaggawa kan yunwa mai shekaru sama da talatin. Abin tambaya shi ne me ke biyo bayan sanarwa. In an ce gobe 45 ne, wa zai ce a tashi ƴan makaranta kafin rana ta take? Wa zai ce masu aikin gini da na gyaran fako su fara da asuba su tsaya da hantsi? Wa zai tabbatar famfon kasuwa na zuba? Wannan aikin ƙaramar hukuma ne, da sarakuna, da gidajen rediyon karkara, da limamai. Addini ma ya riga ya buɗe ƙofa: malamai sun san sunnar jinkirta azahar in zafi ya tsananta, sun san rangwamen da aka yi wa marar lafiya, tsoho da mai ciki a azumi. Tun da azumi na ja baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, yanzu ya nufi lokacin ɗari. Wannan sarari ne na shiri, domin zai sake zagayowa bazara.

Inuwa ma shuka ta ake yi. Manoman Maraɗi da Damagaram sun raya miliyoyin itatuwa tun daga shekarun 1980 ta hanyar barin tohon da ke fitowa a gona. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damana ya yi kore da rani, kamar don bazara aka halicce shi. Kowane gawo, aduwa ko bedi da aka bari a bakin kasuwa, makaranta da rijiya, wurin tsira ne ga wani.

Mataki mafi sauƙi kuwa ba ya bukatar ko jika goma. Kowane gidan likita a gundumar Filinge ya rataye ma'aunin zafi a inuwa, ya rubuta lambar safe da ta azahar a littafi, kusa da adadin waɗanda aka kawo a sume da waɗanda suka rasu. Masu gari su riƙa kai adadin jana'izar mako daga Maris zuwa Yuni. Bazara biyu ko uku sun isa a ga daga wane digiri ne makabartar Kurfai ke fara karɓar baƙi fiye da kima, kuma daga wannan lambar ce za a san ranar da ya kamata mai shela ya fita. Kafin nan, duk wanda ke da tsoho a gida ya leƙa shi da azahar, ya kai masa ruwa ko bai nema ba, domin tsufa na rage jin ƙishirwa.